Filin Tambaya da Amsa: Makonnin Farko a Jami'a

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga sababbin ɗaliban jami'a da iyayensu, don haka na zaɓi guda biyar da nake ganin amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Na samu gurbin karatu a jami'a, kuma an ba ni ɗaki a hostal tare da wasu mata uku da ban taɓa gani ba. Ban taɓa kwana nesa da gida ba. Me zan tafi da shi, kuma yaya zan zauna da su lafiya? Daga wata ɗaliba mai haramar tafiya.

Amsa: 'Yata, batun kaya shi ne mai sauƙi. Ki nemi takardar dokokin hostal ɗin kafin ki sayi komai, domin abin da wata makaranta ta yarda da shi wata ta haramta. Ki tafi da zanen gado biyu, da kwaɗo mai ƙarfi na kulle durowa, da fitilar hannu, da silifas na shiga banɗaki, saboda daɓen wurin wanka da mutane da yawa suke takawa yana yaɗa ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa. Takardunki na asali ki ɗauki hotonsu a waya, ki yi kwafinsu, ki ajiye na asalin a wuri guda da ba ki buɗewa sai ranar da aka nema. Ranar da kika isa, kafin ki shimfiɗa komai, ki ɗaga katifar ki haska ɗinkin gefenta da lungunan gadon. Idan kika ga ɗigo-ɗigo baƙi, to akwai kuɗin cizo, sai ki kai rahoto nan take tun kayanki suna cikin jaka. Sauran kaya ki bari sai kin ga girman ɗakin.

Zama da mutane shi ne ainihin tambayarki. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma a ɗakin da mutum huɗu suke raba ƙofa ɗaya da fitila ɗaya, saɓani ba ya jiran wani babban dalili. Abin da na lura da shi shi ne, sababbin ɗalibai suna cinye makonnin farko suna yi wa juna kara, kowa tana haɗiye abin da ya dame ta don kada a ce ba ta da haƙuri, har sai ranar da abin ya fashe a kan cokali ko cajar waya. Sa'ad da nake shekarar farko na zauna da wata baiwar Allah mai saita ƙararrawar wayarta sau biyar, daga ƙarfe huɗu na asuba, alhali ita ba ta tashi sai ta ƙarshe. Na yi makonni shida ina juyi a kan gado ina cizon yatsa, har na fara jin haushin yadda take tauna abinci. Ranar da na daure na faɗa mata, sai ta riƙe baki ta ce wallahi ta ɗauka barcina mai nauyi ne, tun da ban taɓa cewa komai ba. Daga ranar ta mayar da wayar ƙarƙashin matashinta.

Saboda haka shawarata ita ce ku zauna ku huɗu a cikin makon farko, tun fuskokinku suna sake, ku tsayar da magana a kan abubuwa kaɗan: ƙarfe nawa ake kashe babbar fitila, wa ke shara a wace rana, ko baƙuwa za ta iya kwana, da kuma abin da ake iya ɗauka ba tare da tambaya ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran kawo rigima, domin wata ta taso a gidan da kayan kowa na kowa ne, wata kuma ko tsefenta ba a taɓawa, kuma babu mai laifi a cikinsu. Idan daga baya wani abu ya ɓata miki rai, ki sami mai shi ita kaɗai, ki ambaci abin da ya faru da lokacin da ya faru, ki bar batun halinta. "Jiya hirar wayarki ta hana ni barci har ƙarfe ɗaya" magana ce da ake iya gyarawa, amma "ke ba ki da tunani" neman faɗa ce. Kada ki kai ƙararta wurin 'yan ɗakin da ke kusa, domin maganar za ta dawo mata da ƙari. In abin ya kai ga sata ko barazana, ya wuce sulhu tsakaninku, sai ki tafi wurin jami'in kula da hostal.

Tambaya: Malama, ni ne nake zuwa na ɗaya a ajinmu na sakandare, kuma ba na karatu sai jarrabawa ta matso. Yayana ya ce wannan dabarar ba za ta yi aiki a jami'a ba. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce? Daga wani sabon ɗalibi.

Amsa: Ɗana, yayanka ya faɗa maka gaskiya, kuma lissafi zai nuna maka dalili. A sakandare malamai ne suke riƙe da lokacinka, a jami'a kuwa za ka iya fashin lacca mako guda babu wanda zai tambaye ka. Ƙa'idar da jami'o'i da yawa suke aunawa da ita ita ce, kowace awa ɗaya ta lacca tana buƙatar kamar awa biyu ta karatun ɗalibi shi kaɗai. Wanda yake da awa 15 na lacca a mako yana da wasu 30 a kansa, jimla 45. Mako kuma awa 168 ne, idan ka cire 56 na barci da waɗannan 45, saura 67 na cin abinci da ibada da wanki da hira. Lokaci yana nan da yawa, sai dai yana zuwa ne a gutsure, awa biyu tsakanin wannan lacca da waccan, kuma waɗannan gutsattsarin su ne suke salwanta a bakin hostal. Ka riƙa wucewa laburare da su.

Sai ka fahimci yadda ake lissafin sakamako, domin ɗalibai da yawa ba sa gane shi sai ya yi musu illa. Kowane kwas yana da nauyinsa, kuma ana ninka makin da ka samu da nauyin kwas ɗin. A ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ce, inda A take maki 4, C kuma maki 2, idan ka ci A a kwas mai nauyi 4 ka ci C a mai nauyi 1, matsakaicinka 3.6 ne. Idan ka juya su, wato C a babban, A a ƙaramin, ya faɗo 2.4. Haka kuma sakamakon zangon farko yana bin ka har ka gama: wanda ya tashi da 2.0 a zangon farko, sai ya ci 4.0 cif a na biyu, da nauyin kwasa-kwasai iri ɗaya, kafin ya kai 3.0. Wasu makarantun ma'auninsu 5 ne, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Dangane da yadda ake karatun kansa, tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyon abu, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: waɗanda suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tuna shi bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada tunowa da ka su ne suka yi gaba. Wannan shi ne abin da yake yaudarar mai karatun daren jarrabawa, yana jin ya iya alhali sabo da shafin ne kawai ya yi. Don haka ka duba abin da ka rubuta a lacca a ranar da aka yi ta, ka rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka sake yin haka bayan kwana uku da bayan mako.

Abu biyu kuma a taƙaice. Malamai suna da sa'o'in ganin ɗalibai a ofis, kuma zuwa a mako na uku da tambaya takamaimiya ya fi zuwa bayan an kafe sakamako da roƙo. Sannan kwafo aikin wani, daga aboki ne ko daga intanet, ka miƙa da sunanka, laifi ne da yake iya kai ga kora.

Tambaya: Malama, ɗana na fari zai tafi jami'a, kuma abin da yake hana ni barci shi ne lafiyarsa. Me zan yi kafin ya tafi? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya. Abu na farko ki kai shi wurin likita a duba katin rigakafinsa, ki yi tambaya musamman a kan allurar sanƙarau. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ta yawu da tari da shan ruwa a kofi ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ya yi ciwo ba, kuma cunkoson ɗakunan kwana ya sa 'yan shekarar farko suna cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarinta. Ki koya masa alamunta har ya haddace: zazzaɓi na farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske, amai, ruɗewa, wani lokaci da ƙuraje waɗanda ba sa dushewa idan aka danna su da kofin gilashi. A fata mai duhu an fi ganinsu a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Cutar tana iya kisa cikin awa 24, saboda haka idan ya ga haka a jikinsa ko a jikin abokin ɗakinsa, a tafi asibiti a daren, kada a ce bari gari ya waye. Ya yi rajista da asibitin makaranta a makon farko, kuma idan yana da ciwo mai daɗewa kamar asma, abokin ɗakinsa ya san inda maganin yake.

Haɗari na biyu shi ne gobara. Butar lantarki ɗaya tana jan wuta daga wat 1,500 zuwa 3,000, cajar kwamfutar cinya kuwa kamar 65, wato butar ta fi caja ashirin. Jona buta da dutsen guga a doguwar soket ɗaya, ko jona wata doguwar soket a jikin wata, shi ne yake narkar da waya. Ya kuma daina cajin waya a ƙarƙashin matashi, ya san ƙofar fita ta biyu ta gininsu tun ranar farko. Ki ja masa kunne a kan barci ma: mai shekarunsa yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma rabin sinadarin hana barci da ke cikin gahawa yana nan a jini bayan kamar awa 5, don haka gahawar yamma tana bin mutum har gado. Ke kuma ki tsayar da ranakun waya da shi, ki bar shi ya warware ƙananan matsalolinsa da kansa.

Tambaya: Malama, kuɗin da aka ba ni na wata guda sun ƙare a kwana goma sha biyu, rabinsu a wurin rance ga abokai. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ranar da kuɗi suka shigo ka fara cire na dole, wato littattafai da abin hawa da wani abu na ko-ta-kwana, ka raba sauran gida huɗu, kada ka taɓa na mako mai zuwa. Ka rubuta duk abin da ka kashe na mako biyu, za ka ga inda suke zurarewa. Rance kuma kada ka ba da abin da ba za ka iya yafewa ba, kuma "ba ya cikin lissafina na wannan makon" amsa ce cikakkiya wadda ba ta buƙatar rantsuwa.

Tambaya: Malama, makona uku ke nan a makaranta. Kowa ya yi ƙawaye sai ni, kullum da dare ina kuka, kuma ina tunanin tattara kayana in koma gida. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, gungun da kike gani suna tafiya tare suna dariya, mafi yawansu tsoron zama su kaɗai ne ya haɗa su, kuma kafin ƙarshen zango da yawa za su watse a sake sabon zubi. Ba ki makara ba. Abota tana ƙulluwa ne ta yawan haɗuwa a wuri ɗaya, saboda haka ki riƙa zama a gefe ɗaya na ɗakin lacca kullum, ki shiga ƙungiya ɗaya mai taro duk mako wadda aikinta yake ba ki sha'awa, ki kuma tambayi ta kusa da ke abin da ya wuce ki a darasi. Kada ki riƙa tafiya gida duk ƙarshen mako a wannan tsakanin, domin a ranakun nan ne mutane suke sabawa da juna. Ki bar maganar barin makaranta sai an gama zango, kada ki yanke ta da tsakar dare.

Amma ki lura da kanki. Kewar gida tana zuwa tana tafiya, tana kuma raguwa idan kina cikin mutane. Idan kuwa kika yi mako biyu a jere ba ki iya cin abinci ko barci, kin daina zuwa lacca, abin da kike so a da ya fita daga ranki, to wannan ya wuce kewa, ki je ofishin ba da shawara na ɗalibai ko asibitin makaranta. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani babba a ranar, ko da jami'ar hostal ce. Ki sake rubuto mini bayan wata guda, ki faɗa mini ƙungiyar da kika shiga.