Sai na iya Latin kafin in fahimci tsofaffin addu'o'in Katolika?

Ɗan'uwa, ka ce kana maimaita Pater Noster (addu'ar Ubanmu) da Ave Maria (addu'ar gaisuwar Maryamu) ba tare da sanin ma'anarsu ba, kana tambaya ko sai ka karanci Latin baki ɗaya. A'a, ba sai ka kai can ba. Latin na coci ya fi na tsofaffin marubutan Roma sauƙi, kalmominsa kuma suna yawan dawowa.

Ka ɗauki addu'ar da ka haddace da yarenka, ka jera ta da ta Latin layi-layi. Abin da zai fara rikita ka shi ne ƙarshen kalma, domin shi ke nuna aikinta. Dominus Ubangiji ne, Domini na Ubangiji, Domine kuma ya Ubangiji. Ranar da na gane wannan, "Dominus vobiscum", wato Ubangiji ya kasance tare da ku, ta shiga zuciyata sosai.

Bayan haka ka riƙa karanta Zabura a Vulgata, fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin da ake dangantawa da malamin coci Jerom tun ƙarshen ƙarni na 4. Lafazin kuwa irin na Italiya ne, sai ka saurari waƙoƙin Giregori, wato tsofaffin waƙoƙin coci na Latin. Addu'ar Kyrie eleison, wato ya Ubangiji ka yi jinƙai, dai Girkanci ce, kada ka neme ta a ƙamus ɗin Latin.