Tambaya da Amsa: Ƙanena ya tona gurbin kifinmu a TikTok

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu masunta ne iyaye da kakanni, a wani ƙauye kusa da Yawuri. Bara ƙanena ya kama giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ciccibe shi, ya sa aka yi masa bidiyo ya ɗora a TikTok. Bidiyon ya yi ta yawo. Yanzu gurbin da mahaifinmu ya yi shekaru yana lallaɓawa ya koma kasuwa, baƙin jirage har da masu taru. Tsoho ya yi fushi, ya ce wa yaron ko waya ko jirgi. Shi kuma ya ce zamani ne, kuma ta wayar yake samun masu sayen banda. Ni ne babba, an bar ni a tsakiya. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu, Yawuri, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinku ya fi gaskiya, sai dai hukuncin nasa ya yi tsauri. Bari in bi da kai ta Argungu tukuna, tunda duk jiharku ce.

Ina bakin kogin Matan Fada na Argungu a watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi bayan ya yi kusan shekara goma a kwance. Da aka ba da izini, dubban mutane suka ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da gorarsa, mu kuma na tudu kowa ya ɗaga waya sama. Kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, mai shi ya tashi da mota da kuɗi da kujerar Makka. Kafin magariba hotonsa ya gama duniya. Abin da wayoyinmu ba su ɗauka ba shi ne sauran watannin shekarar, lokacin da aka haramta su a wannan yanki na kogin, Sarkin Ruwa da mutanensa suna gadinsa. Kifin nan bai yi girma a cikin awa ɗayan da aka yi ana gasar ba. Ƙyale shi aka yi har ya kai haka. Tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934 ake wannan biki, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma abin da ya riƙe shi shi ne hanin, ba kallon ba.

To gurbin mahaifinku ma ƙaramin Matan Fada ne. Ba shi da Sarkin Ruwa mai gadi, shirun bakin tsohon shi ne gadin. Kakana na wajen uwa da homa ya ci abinci, na yi ƙuruciya ina riƙe masa gora, kuma ban taɓa jin ya faɗi inda ya kamo kifi a kasuwa ba. In aka matsa masa sai ya ce "can ƙasa". A lokacin na ɗauka rowa ce. Daga baya na gane cewa shi ya san watan da kifi ke hawa fadama don zuba ƙwai in ruwa ya cika, ya san lokacin da zai ɗaga ƙafa, baƙon da ya zo don ya ga bidiyo kuwa bai zo ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ƙanenka ba sai ya faɗi sunan wurin ba ma. Tsibiri ɗaya ko itace ɗaya a bayansa ya ishi ɗan ruwa ya gane.

Akwai wani abu game da giwan ruwa da ya kamata yaron ya sani: mafi yawan manyan nan mata ne, kuma babba ɗaya tana iya zuba miliyoyin ƙwai. Shi kuwa TikTok yadda aka gina shi, bidiyon da ya tsayar da ido shi yake ƙara turawa mutane. Kwandon karfasa da kurungu da zai ciyar da gida ba ya tsayar da ido. Sai ƙato. Wanda ya ɗanɗana yabon jama'a da kilo 40, gobe sai ya nemi 50, kuma daga nan ake zamewa zuwa taru mai ƙananan idanu, da gidan sauro, har da zuba gubar gamalin a ruwa. Kada ka ce laifin waya ne kaɗai. A 2008, tun wayoyin nan ba su cika hannu ba, an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya a Argungu bayan an gano kifin nasa ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Son a sani tsohon ciwo ne, waya ta dai raba shi gida-gida.

Amma ban yarda a raba yaron da wayar ba. Maganar banda da ya yi gaskiya ce. Masunci ya daɗe yana shan wahala dillali yana cin riba, in yau mai saye a Kano ko Anacha zai ga kaya ta WhatsApp ya turo kuɗi, wannan alheri ne. Ka zauna da su biyun bayan sallar isha'i, ba a bakin ruwa ba inda idon mutane yake. Ka nemi a yi sharaɗi: ba ɗaukar hoto a kan ruwa, sai an dawo gida ko wajen banda, ba ɗora bidiyo a ranar da aka yi kamun, kuma a watannin da tsoho ya ce a huta, a huta. Batun baƙin masu taru kuwa ya fi ƙarfin gidanku, ku kai shi ga Sarkin Ruwan yankinku. Sannan ka sa ƙanenka ya durƙusa ya ba mahaifinku haƙuri, don asirin da ya tona ba nasa ba ne.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 19 ya tsunduma farauta saboda wasu fitattun mafarauta da yake kallo a Facebook. Ya tara karnuka, kullum sai hoto da gora da bindiga. Mu ba gadonmu ba ne. Hankalina ya ƙi kwanciya.
Daga wata uwa, Bauchi.

AMSA: 'Yar'uwa, farauta sana'ar mutunci ce, kuma kirari da kiɗa tun asali suna cikinta, ba Facebook ya kawo su ba. Bambancin shi ne da can a gaban manya ake yin kirarin, waɗanda in ka yi ƙarya za su ƙaryata ka a take. Kuma su ne ke cewa a fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, a bar dabba mai ciki da mai goyo. Ɗanki ya ga kirarin bai ga manyan ba. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya kai shi hannun Sarkin Bakan unguwarku, ya zama yana da mai ce masa bari.

Abu biyu kuma ki faɗa masa daga gare ni. Bidiyon da ake ɗaure zomo ko dila da rai ana sakar masa karnuka don masu kallo, wannan ba farauta ba ce. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya ce musu Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi. Sannan ya nisanci gandun dajin Yankari, farauta a cikinta laifi ne, kuma bidiyon da ya ɗora da hannunsa shi zai zama shaida a kansa.

Bindigar ce ta fi damuna. Har yanzu ban warke daga abin da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin sallah aka kashe su bisa zalunci, aka kuma ɗauki bidiyon. Allah Ya jiƙansu. Hoton da ɗanki ya ɗora ba a Bauchi yake tsayawa ba, yana isa ga mutanen da ba su san farauta ba. Ki sa ya goge waɗanda ya ɗauka da bindiga tun yau, ya kuma yi rajista da ƙungiyar mafarautan garinku ya karɓi katin shaida kafin fita ta gaba.