Ina son in zama DJ, ta ina zan fara a Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Ƙofar Marusa, na gama difloma ban samu aiki ba. Ina da kwamfuta da na sa wa manhajar haɗa waƙoƙi ta VirtualDJ, ina kunna wa abokai waƙoƙi idan ana ɗan taro, suna cewa na iya. Burina in zama DJ irin na gidajen rawa da nake gani a bidiyon Abuja da Legas. Mene ne ainihin aikin, wane kaya zan saya, kuma mutum zai iya riƙe kansa da shi? Mahaifina bai so, ya ce sana'ar 'yan iska ce.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da abokanka ke yaba maka shi ne iya zaɓen waƙa, kuma kada ka raina shi, rabin sana'ar ke nan. Sauran rabin shi ne ka shigar da waƙa cikin 'yar'uwarta ba tare da ƙafar mai rawa ta ji an yi sauyi ba, sannan ka san lokacin da ya kamata ka yi hakan.

A gaban DJ kullum akwai waƙa biyu. Ɗaya tana fita ta sifika jama'a na ji, ɗayar shi kaɗai yake jin ta a hedifon yana shirya ta. Shi ya sa kake ganin sun rufe kunne ɗaya sun bar ɗaya a buɗe. Kowace waƙa tana da saurinta, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya, shi ne lambar BPM da kake gani a allon VirtualDJ. Amapiano na yawo tsakanin 110 da 115, kiɗan house na gidajen rawan Turai daga 120 zuwa 128, yawancin Afrobeats kuwa ba su kai saurin Amapiano ba. Aikinka na farko shi ne ka daidaita saurin waƙar da ke kunnenka da wadda ke fita, har bugunsu ya hau kan juna. Wani DJ mai suna Francis Grasso ne ya yi fice da wannan dabara a birnin New York a ƙarshen shekarun 1960, da faifan garmaho da yatsunsa kawai. A 1973 kuma DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya riƙa sa kwafi biyu na faifai ɗaya yana maimaita gurbin da ganga ke tashi ita kaɗai, don ya lura nan ne masu rawa suka fi so. Ka riƙe wannan: ya lura da mutane tukuna, sannan ya nemo dabara.

Yanzu akwai maɓallin da ke daidaita maka saurin da kansa. Ban hana ka taɓa shi ba, amma ka riƙa rufe allon da takarda kana daidaitawa da kunne har sai ka iya. Sannan ka koyi ƙirga. Waƙoƙin zamani ana gina su ne bugu huɗu-huɗu, kuma kusan duk bayan bugu 32 wani abu yakan sauya, ko murya ta shigo, ko amshi ya fara, ko ganga ta ɗauke. A waƙa mai saurin 112 wannan kimanin daƙiƙa 17 ne. Idan ka saki sabuwar waƙa daidai kan wannan gaɓa, sai ta zauna daram. Idan ka sake ta a tsakiya, ko da bugun ya daidaita, jikin mutane zai ji wani abu ya karkace. Kada kuma ka bar bas ɗin waƙa biyu, wato sautinsu mai kauri, su fito tare, sautin dagulewa yake yi. Ka rage na mai shigowa a miksa, wato na'urar haɗa sauti, idan gaɓar ta zo ka sauke na tsohuwar ka ɗaga na sabuwar. In za ka tashi daga waƙa mai saurin 100 zuwa mai 112, kada ka ja ta da ƙarfi lokaci guda, ka bi ta waƙoƙi biyu ko uku da ke tsakani.

Duk wannan wata shida na naci a ɗaki zai iya ba ka shi. Abin da ɗaki ba zai koya maka ba shi ne karanta fili, kuma a kansa ake biyan DJ. A gidan rawa dare yana da matakai. Wanda ya buɗe fili tun mutane na shigowa ba ya fito da manyan waƙoƙi, aikinsa ya ɗumama wuri, ya bar wa na bayansa inda zai hau. Sabon shiga yakan ƙone duk waƙoƙin da ake yayi a awar farko, idan wuri ya cika kuma ya rasa abin da zai ba mutane. Gwani idonsa na kan jama'a: waɗanda ke gyaɗa kai a kujera ba su tashi ba tukuna, waɗanda suka koma duba waya, gungun da in suka miƙe kowa zai bi su. Yakan ɗaga fili, ya sassauta don a sha iska, ya sake ɗagawa.

To amma a yi maganar gida. Katsina ba garin kulob ba ne. Tun shekarar 2000 jihar ke aiki da shari'ar Musulunci, kuma hukumar Hisbah tana sa ido a kan wuraren shaƙatawa na dare da tarukan da ake cakuɗa maza da mata. Wanda ya ce maka za ka ci abinci da gidan rawa a garin nan bai gaya maka gaskiya ba. Kasuwar da muke da ita ita ce biki: kamu, sa lalle, yini, dina, suna, sai walimar kammala karatu da tarukan ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman, da na masu hidimar ƙasa. Ni a ganina makarantar biki ta fi kulob wuya, kuma wanda ya fito daga cikinta ba filin da zai gagare shi.

Ka duba zauren dina ɗaya. Iyaye mata suna teburan gaba, ƙawayen amarya cikin anko suna gefe suna jiran a ba su fili, abokan ango na can baya kowa da wayarsa. Kowane rukuni da abin da kunnensa ke so, kai kuma sifikarka ɗaya ce. An turo maka waƙar da aka yi wa amarya a situdiyo, mai ɗauke da sunanta da na iyayenta. Wajibi ne ka saurare ta tun a gida, don sau da yawa za ka tarar farkonta tallar situdiyon ce, ko ƙararta ba ta kai ta sauran waƙoƙinka ba. Ka sa alama daidai inda kiɗan ya fara. MC zai ɗaga maka hannu, ƙofa ta buɗe, a wannan daƙiƙar waƙar za ta tashi, masu ɗaukar bidiyo ba za su maimaita shigowar amarya saboda kai ba. Idan uwar amarya ta fito fili aka fara liƙi, waƙar ba ta da izinin ƙarewa, sai ka riƙa juya amshin har mutane su koma kujerunsu. Idan aka kira salla, ka kashe tun kafin wani dattijo ya aiko a gaya maka.

Akwai kuma abin da bidiyon koyarwa na Turawa ba za su faɗa maka ba. Bahaushe kalmomin waƙa yake bi. A Legas DJ na iya yanke waƙa bayan minti ɗaya da rabi a yi masa ihu na murna, a nan in ka yanke ta a tsakiyar baitin da mata ke rerawa, har ka naɗe kayanka ana harararka. Ka jira baiti ya sauka. Sannan kiɗanmu da yawa, irin na kalangu da na ƙwarya da asharalle, tafiyarsa uku-uku ce, manhajar takan rikice ta ba ka lambar BPM da ba daidai ba. Tsofaffin faya-fayan Mamman Shata ko na Barmani Choge kuwa hannun mutane ne ya kaɗa su, saurin yana ɗan hawa yana sauka, babu maɓallin da zai riƙe maka su. Irin waɗannan ba a cusa su cikin wata waƙa. Ana barin amshi ya rufe, a saki ta gaba a kan bugun farko. Ranar da ka iya fitowa daga amada ka shiga Amapiano fili bai watse ba, ka zama DJ.

Batun kaya, kada ka yi gaggawa. Bayan kwamfutar da kake da ita, abin da kake buƙata shi ne ƙaramar kwantirola mai gefe biyu, wato na'urar da ake jonawa da kwamfuta a sarrafa waƙoƙi da hannu, irin Pioneer DDJ-FLX4 ko tsohuwar DDJ-400 ko wata ta Numark, da hedifon mai rufe kunne ruf. Ta hannu ma ta wadatar in ka gwada kowane maɓalli kafin ka biya. Manyan sifiku da amfilifaya da janareta haya ake ɗauka, a sa kuɗin cikin cinikin. Na ga matasa sun sayar da babur sun sayi sifiku, azumi ya zo kayan suna jingine a zaure wata guda cur. Kuɗinka ya tafi wajen tara waƙoƙi masu kyawun sauti. Fayil ɗin MP3 mai lambar inganci 320 shi ake nema, wanda aka sauke daga bidiyo ko ya sha yawo a WhatsApp yana da daɗi a waya, a babbar sifika kuwa sai ya yi ta ƙara kamar ana yaga leda. Ka jera su a manyan fayiloli bisa aikinsu: shigowar amarya, filin iyaye, filin ƙawaye, cin abinci, rufewa.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabarka. Kada ka dogara da ta KEDCO a tsakiyar taro, ka hau janareta tun farko, ka sa sitabilaiza. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa. Ka bar wayar salula a jone da miksa da waƙa a shirye, ko da kwamfuta za ta tsaya. Jar fitilar miksa kuma gargaɗi ce: sauti ya wuce ƙima, yana fashewa, yana ƙona ƙananan sifiku. Ka kula da kunnenka ma, shi ne jarinka kuma ba a sayar da sabo. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade awa 8 ga ƙarar da ta kai desibel 85, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, a desibel 100 minti 15 ne kacal. Kada ka tsaya a gaban sifika, ka sayi abin toshe kunne.

Hanyar shiga sana'ar ita ce hanyar kowace sana'a a ƙasar Hausa: ka nemi ubangida. Ka je wurin DJ ko mai hayar kayan sauti da ake ganin mutuncinsa, ka ɗauki sifika, ka naɗe waya, ka tsaya a bayansa kana kallon abin da yake kallo. Wata rana zai ce ka riƙe kafin baƙi su taru. A gefe guda ka riƙa naɗar haɗin waƙoƙinka na minti 30, ka saurara da kunnen mai neman aibu, mai kyau ka sa a Audiomack ko ka yanko gutsure ka ɗora a TikTok da Instagram. Ka gwada sa'arka a gidajen rediyo irin su Companion FM da Vision FM. Amma mafi yawan aiki daga bakin MC da masu ado da wurin taro da masu ɗaukar hoto yake zuwa, su ake tambaya wa za a kira. Ka zauna da su lafiya.

Za a iya riƙe kai da shi, in an yi lissafi. Aikin na kaka ne: bukukuwa kan yi yawa kafin azumi, da bayan salla, da ƙarshen shekara, sai kuma a yi tsit. Kada ka saki difilomarka, kuma ka koyi wani abu kusa da sana'ar, kamar haɗa sauti a wurin taro da wa'azi, ko gyaran murya a situdiyo. Ka karɓi kafin alƙalami, ku rubuta awa nawa za ka yi, wa zai sayi mai, wa zai biya motar kaya. Kada ka ɗora cinikinka a kan liƙi, domin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, kuma EFCC ta gurfanar da mutane a kai. In abin ya fara tafiya ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma'aikatu da kamfanoni sun fi son biyan mai rajista.

Maganar mahaifinka kuwa, kada ka ɗauke ta da wasa, kuma kada ka yi musu da shi. Ya ga abin da ya gani: kiɗa har asuba a bakin layi maƙwabta ba su runtsa ba, ƙwaya, faɗan matasa, waƙoƙin batsa a gaban yara. Wasu masu wannan sana'a ne suka ja mata sunan. Ka je masa da sharuɗɗan da ka ɗaura wa kanka: wuraren da ba za ka je ba, irin waƙar da ba za ka sa ba ko an biya ka, ƙarfe nawa za ka dawo gida. Ka roƙi wani kawunka ko ubangidan naka ya yi masa bayani, babba da babba sun fi jin maganar juna. In ya ce a'a duk da haka, ka tsaya a ɓangaren haɗa sauti, ka ba shi lokaci ya ga halinka a ciki.

Idan bayan ka goge zuciyarka na nan a kan gidan rawa, sai ka nufi Abuja ko Legas, ka kuma san cewa aikin dare ne a wurin da ake shan giya, kai za ka auna wannan da addininka da tarbiyyar gidanku. A manyan wuraren can za ka tarar da na'urorin kunna waƙa na Pioneer da ake kira CDJ a kafe, ba a jiran ka jona kwamfuta, filas ɗinka kawai za ka soka. Don haka tun yanzu ka sauke manhajar Rekordbox ta Pioneer ka koyi shirya waƙoƙinka a cikinta, ka riƙa tafiya da filas biyu masu abu iri ɗaya. Za a fara ba ka farkon dare, lokacin da kujeru suka fi mutane yawa, kuma mai wurin zai tsaya daga nesa ya ga ko waɗanda suka shigo sun zauna.