Inda ake samun tsohon gidan 'yar tsana

Kin tambayi inda za ki samu tsohon gidan 'yar tsana na haɗawa, mai fasalin gidajen zamanin Sarauniya Biktoriya. Ki leƙa kasuwannin intanet na eBay ko Etsy, ki nemi samfurin San Franciscan na kamfanin Dura-Craft. Kamfanin ya rufe, sai dai a hannun mutane. Samfurin Beacon Hill na kamfanin Greenleaf kuwa har yau ana yin sa, kada wani ya tsuga miki kuɗi da sunan tsoho ne.

Kafin ki biya, sai mai kayan ya ɗauko miki hoton kowane falle na katakon da takardar bayanin haɗawa. Katakon siriri ne, in ya daɗe a wuri mai danshi lanƙwasewa yake yi, haƙoran su ƙi shiga raminsu. In taga ɗaya ta ɓata kuma, samun irinta aiki ne.