Ƙanena ya janye iƙirarinsa: ɗaukaka ƙara ƙin hukuncin Allah ne?

Tambaya: Malam, Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa ƙanena hukuncin yanke hannu kan satar babur. Babu shaidu, iƙirarin da ya yi a caji ofis kawai aka kawo, ya kuma gaya wa alƙali dukansa aka yi. Muna son ɗaukaka ƙara, amma kawunmu ya ce wannan ƙin hukuncin Allah ne, mahaifiyarmu kuma ta tsorata.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya yaye muku. Fara da kwantar wa mahaifiyarku da hankali, ku je ku ɗaukaka ƙarar, babu laifi a kanku.

Abin da ya juya hukuncin nan shi ne ka ce babu shaidu. Haddin da ya rataya ga iƙirari kaɗai yana faɗuwa idan mai shi ya janye. Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa sata tana tabbata da iƙirari ne idan an yi shi bisa son rai, kuma ana karɓar janyewa ko da babu wani uzuri. To ina ga wanda ya ce an dake shi? Da a ce adilai biyu sun shaida, da janyewarsa ba ta amfane shi ba.

Maganar kawunku daga kishin addini ta fito, kada ku raina shi, amma ya haɗa abu biyu wuri guda. Aya ta ce a yanke hannun ɓarawo. Ba ta ce wane ɗan wane ɓarawo ne ba. Wannan aikin alƙali ne, shi kuwa mutum ne, yana daidai yana kuskure. Annabi (SAW) da kansa ya gargaɗi masu kawo ƙara gabansa cewa yana hukunci ne da abin da ya ji. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya. Masu ra'ayin kawunku sukan kawo ƙa'idar "ba a warware ijtihadi da ijtihadi", wato ba a soke hukuncin da alƙali ya ciro da fahimtarsa saboda fahimtar wani, su tsaya a rabinta. Malaman da suka kafa ta su ne suka ce ana warware hukuncin da ya saɓa wa nassi (aya ko hadisi), ko ijma'i (haɗuwar malamai a kan hukunci), ko ƙiyasi bayyananne (auna mas'ala da irinta), ko ƙa'idojin shari'a. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya yi bayanin wannan. Alƙalin da aka naɗa ya yi aiki da mazhabar Malikiyya, ya kuma tsallake janyewar iƙirari, ya bar abin da aka ɗora shi a kai. Sannan hukumar da ta naɗa shi ita ta shardanta cewa akwai na sama da zai duba aikinsa, a kan haka ya karɓi kujerar. Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003, alƙalai Musulmi ne na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a suka soke musu hukuncin jifa, da hujjojin fiƙihunmu, har da wannan ta janyewa.

Sai dai ka ji wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Janyewa haƙƙin Allah take kayarwa, ban da na mai babur. Risala ta ce wanda ya yi iƙirarin sata ya janye, ba a yanke shi, amma zai biya. Idan da duka aka tilasta masa iƙirarin, babu komai a kansa. Idan kuwa kun san a ranku ya ɗauka, ku mayar wa mutum kayansa ko kuɗinsa, ko da kotu ta sallame shi. Ka zauna da ƙanenka ku biyu ka tambaye shi tsakaninsa da Allah, kada kuma ya ƙaga wa ɗan sandan da bai taɓa shi ba.

Ku hanzarta, domin wa'adin ɗaukaka ƙara daga waɗannan kotuna galibi kwana 30 ne. Ku nemi lauyan da ya karanta fiƙihu, ku karɓi kwafin shari'ar ku ga ko an rubuta janyewar a ciki. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai "ga" alƙali, ku guje shi, rashawa ce ko da gaskiya tana hannunku. Kuma kada wani a gidanku ya hau Facebook yana zagin alƙalin.

Wallahu a'alam.