Tambayi Likita: Jijjigar Yaro, Tsoron Allura da Wankan Gawa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi: abin da muka gada a gida da abin da ake faɗa a asibiti.

Wata uwa daga unguwar Birni, Damagaram: Likita, ɗana mai shekara biyu ya yi zazzaɓi, ya sandare yana jijjiga. Surukata ta ce iska ce, a kai shi wurin malam. Ni asibiti nake so, amma ina jin nauyinta.

Baiwar Allah, na san wannan nauyin. A gidajenmu ba uwa ce kaɗai ke yanke shawara kan ciwon ɗanta ba: akwai kaka, akwai mai gida da kuɗin kabu-kabu ke aljihunsa, ga kunya in ɗan fari ne. Kada ki yi gardama da Hajiya kan akwai iska ko babu, ba za ki ci nasara ba, lokaci kuma yana tafiya. Ki ce mata: "Inna, mu kai shi a duba jini, malam ya yi addu'arsa." Ban taɓa hana kowa tofa addu'a a bakin gadon majinyaci ba.

Abin da nake hanawa shi ne ɗura rubutu ko ruwa a bakin yaron da ya suma, domin yana iya bi ta maƙogwaro ya sauka huhu. Kada a cusa masa cokali, kada a turara shi da hayaƙi. Ki kwantar da shi ta gefe, ki rage masa kaya, ku kama hanya. Da damina, galibi zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, kuma ɗigon jini daga yatsa ya isa a gane. Da hunturu da bazara kuwa, in wuya ya ƙage ko maɗigar jariri ta kumbura, sanƙarau muke tsoro. Ba labarin nesa ba ne: daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jiharmu ta Damagaram, 18 suka rasu. Na sha karɓar yaro da laya a wuya, jiki kamar garwashi, kwana uku ana yawo da shi gida-gida. Kwana ukun nan ne ke cinye yaran. Layar kam ko cire ta ba na yi.

Wani magidanci daga Matamaye: Ban yarda a yi wa 'ya'yana rigakafi ba. Mun ji abin da aka yi a Kano.

Malam, abin da ka ji ya faru. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekara da shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka koma a 2004, da maganin da aka yi a Indonesiya, kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba, sai aiki ya tafi, har a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

To amma allurar da ake yi wa 'ya'yanka yau ba gwaji ba ce. Tun da aka fara rigakafin MenAfriVac a Nijar a 2010, sanƙarau nau'in A da ke kwashe ƙauyuka ya kusa ɓacewa. Kai kuma shaida ne kan mashaƙon da ya shiga yankinku a 2023, cutar da allurar jarirai ke karewa. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan allura da amfaninta, a rubuta a katin yaro. In ma'aikaci ya yi maka tsawa maimakon amsa, shi ya yi laifi. Masanan LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewar al'umma ta Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna cewa wulaƙancin da ake yi wa majinyata yana korar mutane daga asibiti. Na gani da idona: wata mai naƙuda da aka daka wa tsawa a gaban jama'a, haihuwarta ta gaba a ɗaki ta yi.

Wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Me masu nazarin al'adun al'umma ke yi a fagen annoba? Ba aikin likitoci ba ne?

Ɗana, Ebola ta amsa wannan. Tsakanin 2014 da 2016 ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, kuma wankan gawa na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Da farko ma'aikata sukan zo su ɗauke mamaci a jakar leda, dangi ba su ga fuskarsa ba, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya. Masu nazarin al'adu suka zauna da dattawa da limamai, aka fito da jana'izar da ba a taɓa gawa amma dangi na tsaye, ana salla, ana ganin kabari. Ka tuna yadda rufe masallatai lokacin korona a 2020 ya tayar da ƙura a nan. Da liman da mai unguwa aka fara zaunawa da su, da rabin ƙurar ba ta tashi ba.

Wata amarya daga Mirya: Wanzami zai cire wa jaririna beli kafin suna.

Ya yi aski da sabuwar reza, a ba shi goronsa cikakke, ya bar belin. Ba ya hana shan nono, ba ya kawo amai, yanka shi kuwa yana jawo zubar jini da sandarewar jarirai. Ki sa mai gida ya yi magana da wanzamin tun jajibiri.