Bakwaini a kwalba: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambayoyin wannan makon duk a kan jarirai bakwaini ne, waɗanda suka zo duniya kafin cikinsu ya cika mako 37, kuma yawancinsu daga iyayen da ke zaman jinya a asibitocin Kaduna suka fito. Mun taƙaita kowace tambaya. Duk inda amsarmu ta saɓa da umarnin likita ko nas ɗin da ke riƙe da jaririnku, nasu za ku bi, domin su ne ke ganin sa ido da ido.

Wata uwa daga Rigasa: Na haihu a mako 30, nauyin ɗana kilo 1.3, yana kwalba. Fatarsa ja ce tana sheƙi, yanzu kuma ta fara bushewa. Surukata ta kawo man zaitun da man kaɗanya, wata kuma ta ce basilin ya fi. Wanne zan shafa masa?

Barka da arziki, Allah ya raya. Kafin maganar mai, ki fahimci fatar da kike kallo. Saman fatar jaririn da ya cika wata tara yana da hawa goma zuwa ashirin na busassun ƙwayoyi masu tsare jiki. Wanda aka haifa a mako 30 ko ƙasa da haka, hawa biyu ko uku kawai gare shi. Shi ya sa kike hango jijiyoyinsa. Ruwan jiki da ɗumi suna fita ta wannan fata cikin sauƙi, abin da aka shafa a kanta kuma yana iya ratsawa ya shiga jini. Takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu bayan haihuwa kafin ta yi ƙwari, a wurin ƙananan sosai ma ta fi haka. Wannan ne dalilin da ake zuba ruwa a kwalba don a samar da danshi, kuma shi ne dalilin da nas ke ɓata rai idan an bar tagar kwalbar a buɗe. Ɗan saɓar da kike gani a mako na biyu ba ciwo ba ce, kada ki ɓare ta da farce.

Man zaitun yana da daraja a wurinmu, amma ki ajiye shi tukuna. Irin maiƙon da ya fi yawa a cikinsa yana sassauta shingen saman fata maimakon ya ƙarfafa shi. Man kaɗanya kuwa, damuwarmu yadda yake zuwa ce: a buɗaɗɗen kwano, ƙura ta hau, hannuwa sun taɓa, wani ma an cakuɗa shi da turare. Basilin shi ma da sharaɗi. An taɓa gwada shafa mai irinsa kullum ga jariran da ba su kai kilo ɗaya ba a Amurka, sai aka ga kamuwa da ƙwayoyin cuta na asibiti ya ƙaru. Saboda haka ba a mulke ɗan kwalba da shi daga kai har ƙafa. Inda fata ta tsage kaɗai ake ɗan ɗiga shi, shi ma idan nas ta ce.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan kula da bakwaini, man da ta ce ana iya amfani da shi shi ne man kwakwa ko man sanfulawa, wato na 'ya'yan furen nan mai bin rana. Idan likitanku ya yarda, ki sayi ƙaramar kwalba wadda ba a taɓa buɗewa ba, marar turare, mai lambar NAFDAC, ta zama ta jaririn shi kaɗai. Ki wanke hannu, ki ɗiga kaɗan a tafinki, ki murza ya yi ɗumi, sannan ki ɗora a hankali ba tare da gurzawa ba. Ki kauce wa fuska, da wurin allurar ƙarin ruwa, da duk inda aka manna waya ko filasta. Idan yana ƙarƙashin fitilar da ake haska wa jarirai masu ciwon shawara, kada ki shafa komai sai an ba ki izini.

Wani uba daga Kawo: An ce in kawo famfas da auduga. Wanda na samu a kemis ya yi wa 'yata girma, har ƙirji yake kai mata. Kuma ko in haɗa da jiƙaƙƙiyar takardar goge jarirai da hoda?

Malam, ka nemi wanda aka rubuta na bakwaini ne, ko na ƙasa da kilo biyu. Manyan kantunan magani da ke kusa da asibitocin koyarwa sun fi ajiye shi. In bai samu ba, ɗauki mafi ƙanƙanta a naɗe gabansa ya sauka ƙasa da cibiya. Babban famfas yana buɗe cinyoyin jaririya fiye da kima, yana yoyo, yana kuma gogar cibi. Ka tsaya a kan iri ɗaya, kada ka riƙa canzawa, domin a ɗakin jarirai ana auna famfas kafin a sa da bayan an cire. Kowane giram ɗaya da ya ƙaru daidai yake da mililita ɗaya na fitsari. Ana so jariri ya yi aƙalla mililita ɗaya a kan kowane kilo a kowace awa, wato mai kilo 1.5 ya yi aƙalla mililita 36 a yini da kwana. Ka gaya wa mahaifiyarta kada ta jefar da wanda ta cire sai nas ta gani.

Takardar gogewa ka bar ta yanzu. Da yawansu suna da turare ko sinadarin da ke cin fata. Auduga da ruwan ɗumi mai tsabta sun wadatar: daga gaba zuwa baya, ana dangwalawa, ba a dirzawa. Ana haɗa canjin da lokacin ba da nono, duk bayan awa uku ko huɗu, don a bar ta ta yi barci mai tsawo a tsakani, amma kashi ba ya jira. Kuma ba a kama ƙafafun bakwaini a ɗaga su sama kamar na babban jariri. Ana lanƙwasa gwiwoyinta ne a ɗan juya ta gefe.

Hoda kada ta shigo ɗakin ma, tana shiga huhu. Idan ɗuwawu ya yi ja, man shafawa mai sinadarin zink ake sa wa da kauri, kuma ba a kankare shi a kowane canji, abin da ya ɓaci kawai ake gogewa a ƙara sabo a kai. Idan jan ya yi jawur, ya shiga matsematsi, da ƙananan ƙuraje a gefensa, wannan ya fi kama da ƙwayar fangas, maganinta daban ne. Abin da muke roƙon ka da babbar murya: kada ka sayo mayukan nan masu haɗi uku da ake shafa wa jarirai don ƙuraje ko don su yi haske. Akwai sinadarin sitiroyid a ciki, yana ƙara sirantar da fata, yana kuma shiga jikin bakwaini.

Wata kaka daga Tudun Wada: Yau kwana tara ba a yi wa jikana wanka ba, ba a gasa masa cibi ba. Na tanadi sabulun salo da Dettol, na fito da kayan da ubansa ya sa yana jariri daga akwati. Wannan wane irin reno ne?

Hajiya, mun fahimci damuwarki, ke da kika yi wa 'ya'ya da jikoki wanka safe da yamma suka tashi lafiya. Amma wannan jikan ya zo da nasa tsarin. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, wanka ɗaya yana iya saukar da zafin jikinsa, sanyin kuma ya ja masa faɗuwar sukari da wahalar numfashi. Farin maiƙon da aka haife shi da shi ba dauɗa ba ne, kariya ce, shi ya sa ba a kankare shi. Kullum nas na share masa fuska, wuya, hammata da matsematsi da auduga da ruwan ɗumi. Idan ya warware aka fara wankan, sau biyu ko uku a mako ya isa, da ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 38, wanda gwiwar hannunki ba za ta ji zafinsa ba. A rufe taga, a kashe fanka, a gama cikin minti biyar, a fara tsane kai a sa hula.

Sabulun salo da toka ake yin sa, yana da kaifi, yana wanke ɗan tsamin da fata ke ginawa don kare kanta daga ƙwayoyin cuta. Dettol kuma ba ya shiga ruwan wankan bakwaini. A makonnin farko ruwa zalla. Daga baya sai ruwan sabulun jarirai marar turare, ɗigo kaɗan.

Cibi ba ya son gashi da tsumma ko kasko, ba ya son man goge baki, toka ko man zafi. Abin da gwamnatin Najeriya ta amince da shi don cibiya shi ne man kuloheksidin mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari. Sai dai a kan fatar wanda bai kai mako 32 ba yana iya yin ƙuna, don haka a asibiti ma'aikata ne ke yanke shawarar sa shi ko barin sa. Idan an ba ku shi ku tafi gida, a cibi kawai, kada ya kusanci ido, domin an samu jariran da ya makantar saboda an ɗauka maganin ido ne.

Kayan akwatin nan kuwa, in dai da kafur aka ajiye su, kada a sa masa. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD. Kafur, man zafi mai mentol da lalle suna iya fasa musu jajayen ƙwayoyin jini, shawara ta tashi har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ga shi bakwaini dama yana kusa da shawara. Warin kafur ba ya fita da wanki ɗaya. A saya masa sababbi na auduga zalla, a wanke, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, ba turaren wuta. Kwalli ma a jingine, wani yana ɗauke da dalma.

Wata uwa daga Barnawa: An cire filastar da ke riƙe robar abincin ɗana, kumatunsa ya saɓule. Akwai irin da ya fi in saya?

Akwai. Saman fatar bakwaini bai gama kama ƙasanta ba, sai filasta mai danƙo ta fi riƙe saman ƙarfi ta taho da shi. Ki tambayi nas ko za su yi aiki da filastar silikon, ko siririn faci da ake shimfiɗawa a kumatu kafin a ɗora filasta a kansa, sai ki sayo daidai abin da ta rubuta. Wajen cirewa ana jiƙa gefen da auduga mai ruwan ɗumi, a kwantar da filastar a ja ta a kan kanta sannu a hankali, ɗan yatsa yana danne fatar. Ba a fizga, ba a sa sifirit. Ke ma idonki yana da amfani: jar fitilar da ke naɗe a ƙafarsa, mai auna iskar da ke cikin jininsa, ana sauya mata wuri duk bayan 'yan awanni, robar numfashi kada ta danne tsakiyar hanci har ya yi fari ko baƙi, kuma da kin ga wurin ƙarin ruwa ya kumbura ko ya yi sanyi, ki kira nas nan take.

Wani uba daga Unguwar Rimi: Za a sallame mu cikin hunturu, nauyinsa kilo 1.8. In sayi hita, ko robar ruwan zafi, ko kaskon gawayi ya isa?

Abu na farko da za ka saya ma'aunin zafin jiki ne mai lambobi, wanda ake sa wa a hammata. Sai huluna biyu ko uku da safa, da zani mai ƙarfi. Zafin da ake nema digiri 36.5 zuwa 37.5. Robar ruwan zafi tana ƙona bakwaini ba tare da ya iya matsawa ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe babba balle shi. Hita tana taimaka wa ɗaki ya kai digiri 25 zuwa 28 idan tana nesa da shimfiɗa, amma tana busar da iska, ga shi wuta na iya ɗaukewa da tsakar dare.

Abin da ba ya ɗaukewa shi ne ƙirjin mahaifiyarsa. Goyon ƙirji, wanda likitoci ke kira goyon kangaru, an fara shi ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Najeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara shi tun daga haihuwa ga jarirai masu kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwa da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ana so a yi awa 8 zuwa 24 a kullum. Jariri da hula da safa da famfas kawai, a tsaye tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe, haɓarsa a ɗan ɗage, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar na kwaɗo. Bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, a ɗaure tamau yadda ba zai zame ba, amma cikinsa ya samu sararin numfashi. Uwa ta kwanta a jingine da matasai, ba a miƙe ba. Idan za ta yi wanka ko salla, kai ne za ka karɓa, Malam, ƙirjinka ma yana da ɗumi.

Ku auna shi safe da dare. Idan ya sauka ƙasa da 36.5, a ƙara masa hula da mayafi a ƙirji, a ba shi nono, a sake aunawa bayan rabin awa. Idan bai hau ba, ko ya yi ƙasa da 36, ko ya ƙi shan nono, ya yi laushi, numfashinsa na tsayawa, ko jikinsa ya yi ɗorawa, ku kama hanyar asibiti yana manne a ƙirji. 'Yan barka su gan shi daga bakin ƙofa, mai mura ya yi haƙuri ya dawo wani lokaci, aski da hujin kunne kuma su jira sai likita ya duba shi a ranar da aka ba ku ta komawa awo.